Yadda Ake Tsara Harabar Makaranta Mai Ɗorewa a Zangon Kumasi

Yawancin makarantunmu na Aboabo, Asawase, Sawaba da Tafo Zango ba tsara su aka yi ba, girma suka yi da kansu. Malam ya fara da almajirai a zaure, aka kafa rumfar kwano, aka shigo da boko, wani attajiri ya ba da bulo aka tayar da aji uku, bayan 'yan shekaru aka ɗora bene. Kafin a ankara fuloti ya cika daga katanga zuwa katanga. Babu bishiya, babu wurin da yaro zai yi gudu, bayi biyu ne na yara ɗari uku, da azahar kuma aji ya ɗau zafin da malamin ma sai ya fito ƙofa yake samun numfashi.

Wannan bayani na kwamitin masallaci ne, da ƙungiyar unguwa, da mai makarantar kuɗi da ke shirin sabon gini ko gyaran tsoho. Abin da zai sa harabar ta yi wa yaro daɗin zama, ta kuma yi arhar riƙewa, wato iska da inuwa da ruwa da fili, a takarda ake yanke shi tun kafin a sayi buhun siminti na farko. A lokacin kusan kyauta ne. Bayan an zuba kankare kuwa, sai dai a fasa.

Mataki na farko: fili da takardunsa

Ku je kallon fili da damina, a watan Yuni, washegarin ruwa mai ƙarfi. Kumasi gari ne na tudu da kwari, kuma duk wanda ya zauna kusa da rafin Aboabo ko Subin ya san abin da ambaliya ke yi. Ku duba inda ruwa ya kwanta, ku duba katangun maƙwabta ko akwai layin laka a jikinsu, ku tambayi tsofaffin unguwa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Filin bakin rafi yana da arha, kuma akwai dalilin arhar. Ku guji filin da ke ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, da tsohon juji, da maƙwabtaka da gidan mai ko wurin ƙona ƙarafa da robobi.

Sai takardu. Galibin ƙasar Kumasi ta sarauta ce, don haka takardar da sarkin yankin ya ba ku mafari ce kawai. A sa safiyo mai lasisi ya fitar da taswirar fili, a yi bincike a Hukumar Filaye don tabbatar da cewa ba a riga an ba wani ba, a bi ta ofishin filaye na Asantehene a Manhyia, sannan a yi rajista. A kuma tambayi sashen tsara gari na Asambili, wato ƙaramar hukumar yankin, ko an yarda a yi makaranta a wurin.

Wani abu da mutanenmu ke jin nauyin faɗa: idan Alhaji ne ya ba da filin wakafi, a rubuta tun yana da rai, da shaidu, da sanin 'ya'yansa, a sa sunan ƙungiya mai rajista, ba sunan shugaban kwamiti ba. Rigimar magada ta rufe makarantu da yawa waɗanda ruwan sama bai taɓa ba.

Mataki na biyu: a zana dukan harabar, ko da aji biyu za a fara ginawa

Karatun tushe a Gana shekara 11 ne: biyu na ƙananan yara, shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare. Ke nan makarantar da ta fara da aji biyu tana kan hanyar aji 11, da ofis, da ɗakin malamai, da ɗakin littattafai, da kicin, da wurin salla. Ku zauna da mai zanen gini ya sa kowanne a wurinsa tun yau, har da waɗanda sai bayan shekara goma za a gina.

Ku fara da zana abin da ba za a gina a kansa ba. Ni dai shawarata, rabin fili ya zauna a buɗe, a rubuta haka a kundin kwamiti, domin wata rana wani zai zo da shawarar a yi shagunan haya a filin wasa. Idan fuloti ƙarami ne, gara a hau sama da a cinye ƙasa. To amma in da niyyar bene, injiniya ya san haka tun daga tushe, ya lissafa rodi da ginshiƙai a kan nauyin da za su ɗauka nan gaba. Ɗora bene a kan tushen da aka yi wa gini ɗaya kasada ce da ran yara.

Kafin a kammala zane, a kira malamai mata, da masu dafa abinci, da mai gadi, da 'yan mata na manyan azuzuwa. Su ne suka san lungun da yara ke jin tsoro da inda cunkoso yake idan an tashi.

Mataki na uku: rana, iska da rufi

Nan ne ake cin riba ko a yi asarar da ba ta gyaruwa. Kumasi na kusa da tsakiyar duniya, ƙasa da digiri 7 arewa, saboda haka rana tana fitowa gabas, ta bi ta tsakiyar ka, ta faɗi yamma. Katangar gabas da ta yamma su ne ke shan rana kai tsaye. A miƙa ginin daga gabas zuwa yamma, yadda gajerun katangu marasa taga za su kalli can, dogaye masu tagogi kuma su kalli kudu da arewa. Daga wajen Afrilu zuwa farkon Satumba rana tana ɗan karkata arewa, sauran shekara ta karkata kudu, don haka kowane ɓangare na buƙatar kariya: baranda mai faɗin mita 2 a gefe ɗaya, rufi mai fitowa kamar mita 1 a ɗaya gefen.

Aji ya zama layi ɗaya, taga a hagu, taga a dama. Da zarar an yi azuzuwa biyu baya da baya, ko aka sa lungu a tsakiyarsu, iska ta mutu. Yawancin shekara iskar Kumasi daga kudu maso yamma take tahowa, to kada a toshe wannan gefen da dogon gini ko katanga mai tsawo a jikin taga. A bar tazara.

Ga aji na yara 40, mita 7 sau 9 ya wadatar. Kowane yaro ya samu kusan murabba'in mita ɗaya da rabi. Silin kada ya gaza mita 3. Tagar luba, mai falle-fallen gilashi a jere, ta fi ta gilashin turawa, domin ita tana buɗewa gaba ɗaya, waccan kuwa rabi kawai, ga ta tana mayar da aji kamar tanda idan wuta ta ɗauke. Bulo mai huji yana da arha kuma ɓarawo ba ya shiga, amma in shi kaɗai aka sa a madadin taga aji yana yin duhu, yaran baya ba sa ganin allo. Wurinsa can sama ne, kusa da silin, inda zafi ke taruwa yana neman hanyar fita. A ajin ƙananan yara a sauko da taga ƙasa yadda yaro a zaune zai ga waje.

Kwano tsirara a kan yara azaba biyu ce: zafi da rani, ƙara da damina, har sai malami ya dakata da karatu. A sa silin, a bar sarari tsakaninsa da kwano, a buɗe gefe da gefe da ragar waya don iska ta ratsa amma jemage da tsuntsu kada su shiga. A zaɓi kwano mai haske. Dabarar ba sabuwa ba ce a yankinmu. Makarantar firamaren da Francis Kéré ya gina a ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001 bulon ƙasa ce, da rufin kwano da aka ɗaga sama da silin, kuma ta ci kyautar Aga Khan a 2004. Abin da ya yi aiki a zafin Sahel zai yi a nan. A dai kula da ɗaurin rufi, domin iskar farkon damina ita ce ke yaye kwanon makarantu. A ɗaure katako da ginin da ƙarfe, ba ƙusa kaɗai ba, a kuma shafa masa maganin gara.

Game da kayan gini, muna da sa'a a Kumasi. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta BRRI tana nan Fumesua, ta daɗe tana aiki a kan jan bulo da simintin pozzolana da ake haɗawa da yumɓu. Jan bulo mai kyau ba ya buƙatar filasta ko fenti, ke nan an huta da kuɗin fenti na kowace shekara. Bulon jar ƙasa da aka matse da ɗan siminti shi ma yana riƙe sanyi, da sharaɗin a ɗaga shi a kan tushen kankare, rufi kuma ya kare shi daga feshin ruwa. Za a samu mai cewa ginin ƙasa na talaka ne. A kai shi ya ga wanda aka yi da kyau, ya shiga ciki da azahar.

Mataki na huɗu: ruwa

Kumasi na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, a damina biyu: babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Lissafin mai sauƙi ne, milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin aji uku da barandarsa ya kai murabba'in mita 250, wato lita 350,000 ke sauka a kansa a shekara. Ko an cire wanda ya zube, abin da ya rage ba kaɗan ba ne. A yanzu wannan ruwan kwata yake tafiya, ya ƙara wa na ƙasa da ku ambaliya.

A sa indararo a jikin rufi, da raga a bakinsa, da ɗan bututun da zai karkatar da ruwan farko mai ƙura da kashin tsuntsu kafin tanki ya fara karɓa. Tankin ya zauna a kan dakalin kankare a ƙasa, da murfi mai kulle. Wanda za a ɗaga sama kuwa, injiniya ya zana masa ƙafa, a kuma nisanta shi da wurin wasa.

Kada a ruɗi kai cewa tanki zai raba ku da famfo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mafi ƙarancin lita 5 ga kowane mutum a rana a makarantar jeka-ka-dawo, ban da na bayi mai ruwa. Yara 300 lita 1,500 ke nan kullum, tankin lita 10,000 ba ya cika kwana bakwai na karatu, hunturu kuma daga Disamba har Fabrairu yake. Ruwan sama na wanka da shara da alwala da lambu ne. Na sha ya fito daga famfo, ko rijiyar burtsatse da aka gwada ruwanta a ɗakin gwaji. A unguwa mai cunkoso inda kowane gida ke da ramin bayi, gwajin nan wajibi ne.

Wurin alwala a yi shi dogo, famfuna a jere, wasu a ƙasa daidai hannun ɗan shekara huɗu, da dakalin zama, da daɓe mai kaushi wanda ba ya santsi. Ruwan da ya fita kada ya bi kwata. A ja shi zuwa ramin tsakuwa, a dasa ayaba da rake a gefensa. Tsakar harabar kuma kada a shafe ta da kankare duka. A yi wa hanyoyin tafiya kawai, sauran ƙasa ta sha ruwanta.

Mataki na biyar: bayi

Shi ake barin wa ragowar kuɗi, alhali shi ne ke sa yarinya ta daina zuwa makaranta idan ta fara al'ada. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne bayi ɗaya ga 'yan mata 25, bayi ɗaya da wurin fitsari ɗaya ga yara maza 50, malamai kuma da nasu. Na mata da na maza su rabu, ƙofofinsu kada su kalli juna. A na mata a ware ɗaki guda mai ruwa a ciki, da ƙugiyar rataye hijabi, da kwandon shara mai murfi, da sakata mai aiki. Na ƙananan yara ya kasance a jikin ajinsu, da ƙaramin rami da gajeriyar ƙofa yadda malama za ta iya leƙawa.

Inda ruwa bai wadata ba, KVIP, wato bayin rami biyu mai bututun iska wanda aka ƙirƙiro a nan jami'ar KNUST, yana aiki in an bi ƙa'idarsa: bututun iska ya zarce rufi, a sa raga a bakinsa, a yi amfani da rami ɗaya a bar ɗayan ya huta. Matsalarsa a wurinmu ita ce da buta muke tsarki, ruwa mai yawa kuma yana hana ramin bushewa. A gaya wa mai zane wannan tun farko. Inda akwai ruwa, bayi mai zuba ruwa da hannu haɗe da tankin narkar da ƙazanta ya fi dacewa. Kowanne aka zaɓa, ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, ya kasance a gangaren ƙasa da ita, motar kwasa kuma ta iya isa gare shi.

Alƙiblar Kumasi gabas ce mai karkata arewa. A juya mazaunin bayi ya kalli kudu ko arewa, don kada a gama gini liman ya zo ya ce a fasa. A ƙofar fita a sa wurin wanke hannu da sabulu. Ko bokitin Veronica, wato bokiti mai famfo a gindinsa wanda 'yar Gana Veronica Bekoe ta ƙirƙiro, ya isa a fara da shi.

Mataki na shida: a duba komai daga tsayin yaro

Ku tsuguna ku kalli zanen. Ƙofofin aji su buɗe waje. Bene ya samu matakala biyu a gefe daban-daban, ƙarfen baranda ya haura mita 1, sandunansa a tsaye, tazararsu kada ta wuce santimita 10 don kan yaro kada ya shige. Ƙananan yara a ƙasa za su zauna, da ɗan filinsu daban, don manya masu ƙwallo kada su banke su. Kwata a rufe ta. Fenti a nemi marar dalma.

Dokar masu buƙata ta musamman ta 2006, wato doka mai lamba 715, ta wajabta wa wuraren da jama'a ke shiga su zama masu shiguwa ga kowa. A aikace: gangara mai sauƙi, tsawon mita 12 ga kowane hawan mita 1, ƙofa mai faɗin santimita 90, bayi guda mai faɗi da abin riƙewa. Idan ɗakin littattafai da na kwamfuta suna ƙasa, yaro mai keke bai rasa komai ba.

Ƙofar shiga ta fi ko'ina haɗari. Pragya da aboboya, wato masu ƙafa uku na fasinja da na kaya, da babura ba sa jira. A ja ƙofar ciki da 'yan mitoci don a samu wurin tsayuwar iyaye, a raba ta masu tafiya da ta mota, in da hali a buɗe ta ta ƙaramin layi maimakon babban titi. Ofishin shugaban makaranta ya kalli ƙofar da filin wasa a lokaci guda. Kada a bar lungun da ido ba ya kaiwa, musamman bayan bayi.

Mataki na bakwai: bishiya kafin bulo

A dasa tun ranar da aka kafa turakun fili, a kewaye da kwando saboda awaki, domin gini wata shida yake ɗauka, inuwa kuwa shekaru. A fi dasawa a yamma, inda ranar la'asar ke duka. Darbejiya tana saurin girma, mangwaro na da inuwa mai kauri, sai dai a nisanta su da tushen gini da ramin bayi da kamar mita 6 saboda saiwa. Gwaiba, lemu, gwanda da zogale sun dace da ƙaramin wuri. Kwakwa ba ta filin wasa ba ce. Hukumar gandun daji ta sha raba tsirrai kyauta a ranakun dashen bishiya tun 2021, a tuntuɓe ta. Ƙarƙashin babbar bishiya a zagaya dakali, ya zama wurin hadda da cin abinci.

Kayan wasa ba sai na kanti ba. Maƙeran Suame Magazine za su haɗa lilo da abin hawa, kafintocin Sokoban su yi benci da kujeru daidai tsayin kowane aji. A goge bakin ƙarfe, a zuba yashi mai kauri a ƙarƙashi, kada a kafa sulun ƙarfe a rana. Tsofaffin tayoyi suna da amfani, amma a huda su don ruwa kada ya kwanta sauro ya samu gida. Lambu kuma, ko kunya huɗu ce ta kuɓewa da alayyafo da tumatir, kowane aji ya riƙe tasa.

Mataki na takwas: kicin, shara da wuta

Kicin ya kasance a gefen da iska za ta kwashe hayaƙi daga azuzuwa, wato arewa maso gabas, tukunyar gas kuma a waje cikin keji mai iska. Mata masu sayar da koko da ƙosai da wake da shinkafa za su zo ko an so ko ba a so, to a yi musu rumfa mai tsabta da ruwa, a nemi takardar gwajin lafiyarsu daga ma'aikatan tsafta na Asambili. Shara a raba ta uku: ragowar abinci da ganye su tafi ramin taki, ledar ruwa da robobi a tara wa masu saye, sauran a ba masu kwasa. Ƙona leda a harabar makaranta a hana shi kwatakwata.

Ginin da ya samu haske da iska ba ya cin wuta sosai. In za a sa sola, a fara da famfon rijiya da ɗakin kwamfuta. Makaranta da rana take aiki, don haka ba a buƙatar batura masu yawa, su ne kuwa mafi tsada kuma su ke fara mutuwa. Idan ana karatun dare, a lissafa fitilunsa daban. Faifan ya ɗan karkata kudu don ruwa ya wanke shi, da hunturu kuma a riƙa gogewa. Haɗa waya sai mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi.

Mataki na tara: izini, magina da riƙo

Izinin gini daga Asambili yake fitowa. Mutanen Aboabo, Asawase da Sawaba na ƙarƙashin ta Asokore Mampong ne tun 2012, ba ta birnin Kumasi ba. Za a nemi takardun fili, da zane mai hatimin ƙwararru, da amincewar hukumar kashe gobara. Makarantar kuɗi tana neman lasisi daga NaSIA, hukumar duba makarantu ta ƙasa. Wadda ke son malaman gwamnati kuma ta bi ta Sashen Ilimin Musulunci na Hukumar Ilimi ta Gana (GES), wanda aka kafa a 1987. A je wurinsu da zane kafin gini.

A wurin aiki, kada birkila ya zama shi ne mai duba kansa. Injiniya ya ga rodi kafin a zuba kowane kankare, a gwada bulo, a biya kuɗi kashi-kashi bayan an duba. A Janairun 2017 ginin ajin ƙananan yara ya rufta a Breman Jamra da ke yankin Tsakiya, yara shida suka rasu. Tsagewar katanga da lanƙwasar katakon rufi ba abin a jira hutu ba ne. A fitar da yara ranar da aka gani.

Tun kafin buɗewa a ware wani kaso na kuɗin makaranta ko na tarin Juma'a don gyara, a asusu daban, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin zagayawa da littafi kowane wata. A watan Fabrairu, kafin ruwan farko, a share indararo, a wanke tankuna, a duba ɗaurin kwano, a sassabe rassan da suka hau rufi. A dogon hutu a kwashe ramin bayi, a canza famfunan da ke ɗiga da ragar bututun iska, a sake gwada ruwan rijiya. Kwafin zanen harabar kuma a ajiye ɗaya a ofis, ɗaya wurin liman ko Sarkin Zango, yadda duk mai son ba da gudummawar sabon aji za a nuna masa wurin da aka riga aka tanadar masa.